Mazo yana kwana a sarƙaƙiyar bakin Rahad: in shiga masa, ko in yi dakonsa a waje?

Manomin Rahad ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayenmu da suka daɗe da sanin daji. Ina zaune a wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da Hawata, a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma ina da lambu a gaɓar kogin Rahad, inda nake shuka wake da kuɓewa da kabewa idan ruwa ya ja baya bayan damina. Tsakanin lambun da tudu akwai wata sarƙaƙiya mai duhu ta bagaruwa da kurna da wani itacen ƙaya da muke kira kitir, wadda ta miƙe tana bin kogin, kuma ko akuya ba ta iya ratsa ta sai ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da namun daji suka fitar da kansu.

Tun da aka sauke riɗi nake ganin sawun mazo, dabbar dajin nan mai kama da barewa, a cikin waken, yana cinye tohon sama yana barin kara. Da na bi sawun sai ya kai ni wani wuri a ƙarƙashin kurna inda ciyawa ta kwanta luf, ga kashi sabo da tsoho a gefe, ga gashi a jikin ƙaya, har na tabbata nan ne makwancinsa. Ina da bindigar hartush mai baki ɗaya, irin mai watsa ƙwayoyin harsashi da yawa a harbi guda, wadda ke da takardarta, amma duk lokacin da na lallaɓa na shiga da hantsi, abin da nake samu bai wuce in ji haushi guda kamar na kare da ƙarar karyewar itace ba, kuma ko inuwarsa ban taɓa gani ba. A 'yan kwanakin nan ma sawun ya ragu a lambun, ga alama ya fara sauya hanya.

Tambayata ita ce, shin dabarar ita ce mutum ya ƙara ƙwarewa a sanɗa har ya iya cim masa a kwance, ko kuwa ya haƙura da makwancin ya nemi wurin dako a waje? Idan dako ne, da safe ya fi ko da yamma, kuma wace tazara ya kamata a bari tsakanin mutum da bakin sarƙaƙiyar? Wasu abokaina sun ce mu taru mu sa karnuka ta ɗaya gefen, wasu kuma sun ce a cinna wa ciyawar wuta ya fito da kansa. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin.

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai ina roƙonka ka daina shiga wurin nan, ka bar shi ya huta na tsawon mako biyu ko fiye, domin raguwar sawun da ka gani sakamakon shigar ce. Mazo ba ya zaɓen makwanci da ka. Yana neman wurin da iska za ta kawo masa warin abin da ke bayansa, idonsa kuma ya rufe masa gaban da iska ba ta fitowa, sannan ƙasa ta kasance cike da busasshen ganye da ƙirare waɗanda za su sanar da kunnensa duk abin da ya taka su. Idan ya kwanta yana tuƙa ba barci mai nauyi yake yi ba, kunnuwansa suna juyawa kowane lokaci, kuma yana da ƙofar fita fiye da ɗaya. Mutumin da ya shiga masa a wannan hali ya je ne inda dabbar ta fi shi komai, shi kuma ga ƙayar kitir tana kama masa riga, ga bindiga ba ta juyuwa a cikin rassa. Ko da ka yi sa'a ka hango shi, abin da za ka gani wani yanki ne na jiki ta tsakanin ganye, ba za ka san namiji ne ko mace ba, ba za ka san ko akwai yaron wani yana yankan ciyawa a bayansa ba, kuma harbi a irin wannan yanayi bai halatta ga mai hankali ba.

Wurin da mazo yake da rauni shi ne tsakanin makwanci da abinci. Dabba ce mai zaman kaɗaici wadda ba ta yawo mai nisa, idan ta sami duhuwa da ruwa da toho a kusa da juna tana iya shafe shekaru a ɗan yanki guda, tana bin hanyoyi ƙalilan da ta saba da su. Aikinka na farko shi ne ka gane waɗannan hanyoyi daga waje. Ka zagaya gefen sarƙaƙiyar da tsakar rana, lokacin da ya nutsa can ciki, ka duba inda sawu yake fita da inda yake komawa, domin sau da yawa ba ƙofa ɗaya ba ce. Baƙar ƙasar nan tamu idan ta bushe ta tsage ba ta riƙe sawu, saboda haka ka nemi wurin da yake da yashi ko laka mai danshi a bakin lambun, ka share shi da reshe da yamma, ka dawo da hantsi ka karanta abin da aka rubuta maka a kai. Tsinin kofato shi ne yake nuna inda dabbar ta dosa. Idan raɓa ta sauka a cikin sawun, to da dare aka yi shi. Idan kuma sawun ne ya taka raɓar ya share ta, to da asuba ya wuce, kuma wannan shi ne labarin da kake nema.

Sai maganar iska, wadda ita ce rabin farauta ko fiye. Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen ɗari iskarmu ta arewa ce, tana karkata gabas, kuma da rana ana iya dogara da ita. Amma a bakin kogi tana da wata ɗabi'a da take yaudarar mutane da yawa: idan rana ta faɗi ƙasa ta huce, iska mai sanyi takan gangaro daga tudu ta bi kwari zuwa cikin kogin, kuma haka take yi har gari ya waye, sai rana ta ɗaga ƙasa ta ɗumama sannan ta juya ta fara hawa. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya zauna a saman tudu da asuba warinsa yana malalowa kai tsaye cikin sarƙaƙiyar ko da a fuskarsa bai ji motsin iska ba. Ka ɗaura toka mai laushi a ɗan ƙyalle, ka riƙa girgiza shi kana kallon inda ƙurar take tafiya, a tsaye da kuma a tsugune, domin iskar da ke daidai gwiwa ba kullum take bin ta daidai kai ba. Wurin zamanka ya kasance inda tokar take barin hanyar dabbar ta nufi ruwa ko fili. Ranar da ka je ka tarar iska ta saɓa, ka koma gida, domin zaman wannan rana zai lalata maka na mako guda.

Game da tazara, hartush ba bindigar nesa ba ce. Da harsashi mai manyan ƙwayoyi, taku 25 zuwa 30 shi ne iyakar da nake amincewa da ita, abin da ya wuce haka raunata dabba ne kawai. Kada kuma ka zauna a bakin ƙofar da yake fitowa, ka koma gefe, yadda idan ya fito zai ba ka haƙarƙarinsa maimakon fuskarsa. Ka jingina da gindin itace mai kauri wanda zai haɗiye siffarka, ka share ganyen da ke ƙarƙashinka tun kafin ranar, kuma hanyar da za ka bi ka isa wurin kada ta tsallaka tasa. Farar jallabiya da rawani a bar su a gida, a sa tsohon kaya mai launin ƙasa wanda bai sha turaren wuta ba, a bar taba da sabulu mai ƙamshi, a kashe waya. Mazo idan ya iso bakin duhuwa yakan tsaya cik na dogon lokaci yana saurare kafin ya jefa ƙafa a fili, kuma a wannan tsayuwar ce yawancin matasa suke motsawa su ɗaga bindiga, su yi asarar komai. Ka jira sai kansa ya shiga bayan wani reshe ko ya sunkuya yana ci.

Ka riƙa sauraren daji kuma. Zabin daji da makwarwa da zakaran ƙeƙuwa duk 'yan rahoto ne, idan ka tashe su a hanyarka ta zuwa, to an riga an sanar da zuwanka. Birai kuma suna da amfani ta wata fuskar, domin mazo yakan bi ƙarƙashin itacen da suke ci ya tsinci 'ya'yan da suke zubarwa, musamman kurna da aduwa idan sun nuna.

Namiji ne kawai yake da ƙaho, mai murɗiya, kuma jikinsa ya fi na mace duhu. Idan abin da ya fito ba shi da ƙaho, ka sauke bindigarka.

Ɗan Gadarif ya rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, amma ina da ja a wuri guda. Kamar ka karkata ga dakon asuba, ni kuwa a ganina yamma ta fi wa mai lambu sauƙi. Da asuba dabbar tana waje tana ci, mai zuwa dako kuma dole ya ratso cikin duhu ta kusa da lambun, wanda ke nufin zai iya tashinta tun bai zauna ba. Da la'asar kuwa an san inda take, tana can kwance, mutum yana iya zuwa a natse ya zauna yana ganin gabansa, kuma motsin mutane a lambu a wannan lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinta, ta saba da jin injin ban ruwa da muryoyin masu aiki.

Maganar karnuka kuma ban ga laifinta ba idan an tsara ta da kyau. A ƙauyukanmu na wajen Mafaza mun taso mun ga ana yin haka: masu kora su shiga ta gefen da iska take fitowa suna buga itace, maharba su tsaya a ƙofofin fita. Cikin sa'a guda an gama, kowa ya koma aikinsa, kuma mutumin da wakensa ke ƙarewa ba shi da mako biyun da zai jira.

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Hujjarka game da isa wurin dako tana da ƙarfi, ɗana, kuma na yarda cewa shiga da la'asar ya fi sauƙi. Abin da ya sa nake fifita asuba shi ne abin da ke biyo bayan harbi. Tsohon namiji ba ya barin duhuwa da yamma sai haske ya kusa ƙarewa, wato za ka harba ne a lokacin da ido ya fara gazawa, kuma idan bai faɗi nan take ba zai koma cikin ƙaya, dare ya rufe ku, kura ta riga ka zuwa. Da asuba kuwa haske ƙaruwa yake yi, kana da yini guda a gabanka na bin jini. Matsalar tashinsa a lambu tana da magani, shi ne mutum ya zagayo ta cikin busasshen kogin, ta kan yashi, ya zauna tun kafin kiran assalatu a gefen hanyar komawa, can nesa da wurin cin. Na lura kuma cewa a daren farin wata yakan ƙoshi da wuri ya koma tun da duhu, saboda haka kwanakin da wata ya yi ƙaranci sun fi ba da dama.

Akwai wani dalilin da bai shafi dabbar ba. Yankin Rahad da Gadarif sananne ne da cutar kala'azar, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda yake yaɗawa, kuma mazauninsa shi ne dajin itacen ƙayar nan da ake kira talha da aduwa da tsagin baƙar ƙasa, cizonsa kuma daga faɗuwar rana ne zuwa cikin dare, ya fi tsananta a watannin zafi kafin saukar damina. Mai zama a gindin itace da almuru ba motsi ya miƙa kansa ne gare shi. Ko da asuba ma a rufe hannu da ƙafa, a sa takalmi mai rufi saboda kububuwa da kasa.

Kora da karnuka kuwa ba na ba kowa shawararta a kan mazo. Namijinsa idan aka ƙure shi ko aka raunata shi yana juyowa, yana sunkuyar da kai ya soki kare ko mutum, kuma a cikin sarƙaƙiya babu wurin kaucewa. Ban da haka, dabbar da aka koro a guje take fitowa, maharbi ba ya samun damar tantance ta, kuma bakin bindigarsa yana fuskantar inda 'yan'uwansa masu kora suke. Kora ba ta bambanta mace mai ciki da namiji, ba ta bambanta mazo da gada da batsiya, kuma kare shi yake tsinto ɗan da uwa ta ɓoye a ciyawa ta tafi kiwo. Wuta ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Sarƙaƙiyar nan ita take riƙe gaɓar da lambun yake kai, ranar da aka ƙone ta ambaliyar watan Agusta za ta fara cin ƙasar, kuma naman da aka ci a dare ɗaya ba zai biya wannan ba.

Malamin Allo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ba maharbi ba ne, amma akwai hukunce-hukuncen da suka shiga tsakiyar wannan muhawara ta asuba da yamma, kuma ina ganin mai tambaya yana bukatarsu kafin ya ɗauki bindiga. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an bayyana cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce, kuma mai kare amfanin gonarsa yana neman nama ga iyalinsa ba wasa yake yi ba. An kuma bayyana cewa abin da ka harba, idan ka riske shi da rai sai ka yanka shi, idan kuma ya mutu da harbin naka ka ci, matuƙar bai kwana ba ka same shi ba, tare da cewa an kawo wani ƙaulin da ya sauƙaƙa idan an tarar da kibiyar a makasarsa. Wannan ya ƙarfafa maganar Baba Maharbi, domin mai harbin almuru a bakin duhuwa yana jefa kansa ne cikin saɓanin da mai harbin asuba ya tsira daga gare shi. Malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta abin da aka kashe da harsashin darma, saboda yana huda jiki ya zubar da jini, da sharaɗin niyya da ambaton sunan Allah a lokacin harbin.

Akwai kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da aka tarar ya faɗa ruwa, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. Wanda yake dako a gaɓar Rahad, inda tafkuna suke saura a cikin kogin har rani, ya kamata ya sa wannan a lissafinsa lokacin zaɓen wurin zama. Haka nan wuƙa ta kasance a jikinka, mai kaifi, inda hannu zai kai gare ta nan take, domin malamai sun ce idan ka riski dabbar da rai ta mutu kana neman wuƙa a cikin jaka ko a hannun abokin tafiya, sakacinka ya mayar da ita mushe. Abin da tarkon waya ya shaƙe shi ma mushe ne, ban da azabar da ke cikinsa.

Ina da tambaya ga Baba. Na sha jin maharba suna cewa idan an harbi dabba ta shiga duhuwa a dakata kada a bi ta nan take, alhali a littattafanmu jinkirin bin abin farauta ba tare da uzuri ba yana hana cinsa, sai idan mutum ya tabbata ko ya bi ba zai riske shi da rai ba. Yaya kuke haɗa waɗannan biyun?

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, wannan tambaya ta taɓa ainihin abin. Dalilin dakatawar shi ne, dabbar da aka raunata idan ba ta ji ana bin ta ba takan kwanta a kusa, jikinta ya yi sanyi, a same ta; idan kuwa aka taso ta da zafinta sai ta yi nisan da ba za a ƙara ganinta ba. Jinin da ta bari shi yake faɗin inda harsashi ya shiga. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, kuma wannan dabbar ba za ta wuce 'yan taku ba, ana iya bin ta ba tare da ɓata lokaci ba. Mai duhu sosai yakan zama na hanta. Wanda ya gauraya da ɗanyen abinci yana wari na tumbi ne, kuma shi ne mugun harbi, domin dabbar tana iya ɗaukar sa'o'i tana wahala, naman kuma ya lalace da zafin ƙasarmu.

Hukuncin na malamai ne, ni abin da na sani shi ne yadda ake kauce wa shiga matsalar tun farko. Idan mutum ya jira dabbar ta tsaya, ta ba shi gefe, a tazarar da na ambata, ya sa harbinsa a bayan allon kafaɗa, a kashi na uku na ƙasan ƙirji inda zuciya da huhu suke, to babu dogon jira, zai sake ɗura bindiga ya bi a hankali ya yanka. Duk sauran bayanan da na yi na iska da toka da share ganye, amfaninsu ke nan, su kai mutum ga harbi guda mai tsabta. Wanda bai sami wannan damar ba ya bar dabbar ta wuce, gobe ma tana nan. Idan kuma ƙaddara ta sa an raunata namijin mazo, kada mutum ya bi shi da rarrafe cikin ramin ƙaya shi kaɗai, kuma ya tunkare shi ta baya, yana lura da ido: wanda ya mutu idonsa a buɗe yake, wanda ya runtse yana da sauran rai.

Mazaunin Makka ya rubuta:

Gaisuwa ga iyaye da 'yan'uwa. An haife ni a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Mai Wurno, kodayake yanzu shekaru sun yi mini yawa a Saudiyya, kuma ina so in ja hankalin ƙanena mai tambaya ga abin da ba a taɓo sosai ba. Takardar bindiga daban, izinin farauta daban. Sudan tana da dokar kare namun daji da gandayensu ta shekarar 1986, kuma 'yan sandan kare namun daji ne suke ba da izini, wanda yake fayyace irin dabbar da lokacin da wurin. Kai kuma kana zaune ne a kusa da gandun namun daji na Dindir, wanda aka kafa tun 1935, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1979, kuma kogin Rahad ɗin nan shi ne iyakarsa ta wani ɓangaren. Ka tabbatar da inda lambunka ya faɗa kafin komai, kuma ka kai kukan ɓarnar amfanin gona ofishinsu, domin mai ƙorafi a rubuce ba ɗaya yake da wanda aka kama da nama ba. Ga kuma halin da ƙasa take ciki tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, har ya kai Sinja da garin Dindir a 2024. Mutumin da aka gani da bindiga a daji kafin wayewar gari ba lallai a tsaya tambayarsa ko mazo yake jira ba, saboda haka shugabannin ƙauye da jami'an da ke yankin su san da fitarka.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne abin da na gani a nan. Farin gwankin Larabawa, wanda suke kira maha, ya ƙare ƙaf a daji a 1972 saboda farautar mota da bindigogin zamani, sai da aka kiwata shi a killace aka dawo da shi wurare irin su Mahazat as-Said da ke gabas da Ɗa'if da Uruƙ Bani Ma'arid a gefen hamadar Rub'ul Hali. An kashe dukiya mai yawa kafin a samu hakan, kuma yau harbin barewa a nan laifi ne mai tara mai nauyi, ban da haramcin farauta a cikin Harami da kan mai harama wanda Suratul Ma'ida ta zo da shi. Mu a gida ba mu da kuɗin sayo abin da muka ƙarar. Tun da noman tarakta ya fara a Gadambaliya ta yankin Gadarif a shekarun 1940 ya bazu, dajin da namun Dindir suke fita zuwa cikinsa da damina ya zama gonakin dawa da riɗi, raƙumin dawa ya ɓace daga gandun, barewar gabashin Nilu kuma tana cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. 'Yan sarƙaƙiyoyin bakin kogi irin taka su ne kusan abin da ya rage wa mazo da gada da kwanta-rafi a wajen gandun.

Ban ce farauta haramun ce ba, kakanninmu maharba ne, sun yi sanɗa da kan burtu, sun ci sun ciyar. Amma ina ganin ya kamata ka fara tantance ko namiji ne guda, ko kuwa mace ce da ɗanta. Idan sawu biyu ne, babba da ƙarami, to shingen ƙayar kitir mai tsayi a gefen waken, da kwanan yaro da kare ɗaurarre a bukkar lambu na 'yan makonnin da suka rage kafin roro, sun isa su raba ku lafiya.

Manomin Rahad ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bar shiga sarƙaƙiyar, kuma na sanar da abokaina cewa babu maganar wuta ko karnuka. Na share yashi a ƙofofi biyu kamar yadda Baba ya ce, kuma abin da na tarar ya sa dole in sake tambaya: a ƙofar da ke kusa da ruwa akwai sawu mai faɗi da zurfi shi kaɗai, a ɗaya ƙofar kuma akwai wani siriri, tare da wani ƙanƙane ƙwarai yana bin gefensa. Yaya Mazaunin Makka, lambun yana wajen iyakar gandun, amma zan je ofishin ranar kasuwa kafin in yi wani abu. Baba, shin ƙanƙanen nan ɗan mazo ne, ko kuwa gada ce take bin hanya ɗaya da su?

Tsohon Maharbi ya rubuta:

Ka duba tafiyar sawun, ɗana, kada ka tsaya ga girmansa kawai. Gada ita kaɗai take yawo, sawunta siriri ne mai tsini, kuma yana da hanyarsa, yana ratsa na wasu ya wuce abinsa. Ɗan mazo kuwa ba ya rabuwa da na uwarsa, inda ta tsaya ya tsaya, wani lokaci ma yana faɗawa cikin nata, kuma za ka ga alamun tsalle-tsalle a inda fili ya buɗe. Uwar takan ɓoye ɗanta a duhuwa na tsawon watanni kafin ya fara bin ta, saboda haka idan har ya fara fitowa lambu ya ɗan tasa, amma bai kai ya rayu ba tare da ita ba.

Idan hakan ya tabbata, ƙofar nan ta biyu ka ja mata shinge ta gefen waken ka manta da ita. Ƙofar bakin ruwa ita ce ta namijin, kuma da yake tana kusa da tafki, wurin zamanka ya kasance tsakaninta da ruwan, ta yadda iskar asuba mai gangarowa za ta ɗauke warinka zuwa kogin, shi kuma idan ya zabura bayan harbi zai nufi tudu. Ka ci gaba da share yashin har sai ka ga sawunsa ya taka raɓa safiya uku a jere, sannan, idan takardarka ta fito kuma mazo yana cikinta, ka zaɓi ranar da wata ya yi ƙaranci.